Yadda zaka kwance babbar lamba ka san halinta, mu gwada da 33,550,336

In aka miƙo ma mutum lamba mai dijit takwas irin 33,550,336 aka ce faɗi abin da ka sani a kanta, yawanci iyakarsa ya ce cika ce tunda ta ƙare da 6, shikenan magana ta ƙare. Alhali da biro da takarda da kalkuletar waya zaka iya tatso kusan duk abin da masana lissafi ke faɗa a kanta, kuma aikin duk yana rataye ne a kan abu ɗaya, wato ka farfasa ta zuwa lambobin firam ɗin da suka haɗu suka gina ta. In ka yi wannan, sauran bayanan da kansu suke zubowa. Zan bi da kai a kan ita wannan 33,550,336 ɗin, miliyan talatin da uku da dubu ɗari biyar da hamsin da ɗari uku da talatin da shida, kuma zan riƙa jawo maƙwabciyarta 33,550,335 don kaga yadda tazarar ɗaya tak take canza komai.

Fara da abin da ido ke gani

Kafin ka taɓa kalkuleta duba wutsiyar lambar. Dijit na ƙarshe shi ke gaya maka ko 2 da 5 suna raba ta, tamu ta ƙare da 6 saboda haka 2 ya shiga, 5 kuma babu shi. Biyun ƙarshe na 4 ne, 36 kenan, ya rabu. Ukun ƙarshe na 8 ne, 336 shi ne 8 × 42. Huɗun ƙarshe na 16 ne, 0336 shi ne 16 × 21. Tun daga nan ya kamata jikinka ya ba ka cewa akwai 2 da yawa a cikin wannan lambar.

Sai ka tara dijit ɗin: 3+3+5+5+0+3+3+6 = 28. Tunda 3 baya raba 28, to 3 da 9 duk basa raba lambar. In ka sake tarawa 2+8 = 10, 1+0 = 1, wannan 1 ɗin shi ne ragowar da zaka samu in ka raba ta da 9. Riƙe shi, zamu dawo kansa.

Na 7 da 11 da 13 ne mutane suka fi tsallakewa wai suna da wuya, alhali dabara ɗaya ce take kama su ukun gaba ɗaya, saboda 7 × 11 × 13 = 1001. Ka yanka lambar uku-uku daga dama, ka riƙa ɗebewa kana tarawa bi da bi: 336 − 550 + 33 = −181. Manta da alamar ɗebewar, duba 181 kawai. 7 baya raba shi, 11 baya raba shi, 13 ma haka, to babu ko ɗayansu a cikin lambarmu. Yanzu gwada maƙwabciyar: 335 − 550 + 33 = −182, shi kuma 182 ai 2 × 7 × 13 ne, kaga 7 da 13 duk suna cikinta, ga shi ta ƙare da 5, ga jimlar dijit ɗinta 27 wanda 9 ke rabawa. Ɗaya kawai muka rage amma gida ya cika da baƙi.

Farfasawa

Yanzu ainihin aikin. Firam ita ce lambar da ta wuce 1 kuma babu mai raba ta ba ragowa sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11. Ƙa'idar ita ce ka ɗauki ƙaramar firam da ka san tana shiga, ka yi ta rabawa da ita har sai ta ƙi, sannan ka matsa gaba. Kar ka yi tsalle ka ce bari in raba da 16 lokaci ɗaya don sauri, rubuta kowane mataki, saboda jerin nan zai yi maka amfani sau biyu nan gaba:

33,550,336 → 16,775,168 → 8,387,584 → 4,193,792 → 2,096,896 → 1,048,448 → 524,224 → 262,112 → 131,056 → 65,528 → 32,764 → 16,382 → 8,191

Ƙirga kibiyoyin, 12 ne. Wato 2 ya shiga sau 12, ana rubuta shi 2^12, ma'ana 2 × 2 × 2 har guda goma sha biyu, wanda ya ba da 4,096. Abin da ya rage 8,191 ne, mara ce, 2 ya gama aikinsa.

To ita 8,191 fa, firam ce ko tana ɓoye wasu a ciki? Nan ne mutane ke gajiya tun kafin su fara, suna zaton sai sun gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita. Ba haka bane. In lamba tana rabuwa gida biyu, dole ɗayan biyun kar ya wuce sikwaya rut ɗinta, alamar √ ɗin nan ta kalkuleta, don in duka biyun sun wuce to in ka ninka su zasu zarce lambar. 90 × 90 = 8,100, 91 × 91 = 8,281, saboda haka iyakarka 90, kuma firam kawai zaka gwada, guda 24 ne daga 2 zuwa 89. Mun riga mun sallami 2, 3, 5, 7, 11 da 13, saura 18. Aikin minti kaɗan ne.

Amma akwai yanke. Duba da kyau, 8,191 ai 8,192 ce ba ɗaya, ita kuma 8,192 ita ce 2^13. Lambobi masu wannan siffar, 2^p − 1, su ake kira lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe Marin Mersenne da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Abokin wasiƙarsa Pierre de Fermat ya gano a 1640 cewa in p firam ce mara, duk firam ɗin da zata raba 2^p − 1 dole ta zama ninkin 2p an ƙara ɗaya. A nan p = 13, to 26 ne matakinmu: 27, 53, 79, na gaba 105 ya wuce 90. Ita 27 ba firam bace, saura biyu. 53 × 154 = 8,162 ragowa 29. 79 × 103 = 8,137 ragowa 54. An gama, rabawa biyu maimakon sha takwas, 8,191 firam ce.

Kenan 33,550,336 = 2^12 × 8,191.

Kar fa ka ɗauka duk 2^p − 1 firam ce don kawai p firam ce. Tarkon da ya daɗe yana kama mutane kenan, 2^11 − 1 = 2,047 tana kama da firam sosai amma 23 × 89 ce, kuma kaga 23 da 89 duk ninkin 22 ne da ɗaya, daidai da maganar Fermat.

Ita maƙwabciya in ka bi ta a hankali: raba da 5 ka samu 6,710,067, da 3 ka samu 2,236,689, da 3 kuma 745,563, da 3 na uku 248,521, nan 3 ya tsaya, da 7 ka samu 35,503, da 13 ka samu 2,731. Ita 2,731 ka gwada firam har zuwa 47 babu mai shiga. To 33,550,335 = 3^3 × 5 × 7 × 13 × 2,731.

Lambobi nawa ne ke raba ta

Wannan baya buƙatar ka zauna jera su. Ka ɗauki pawar kowace firam, wato sau nawa ta shiga, ka ƙara ɗaya, ka ninka su. Tamu 2 ya shiga sau 12, 8,191 sau 1, to 13 × 2 = 26. Dalilin ƙara ɗayan shi ne in kana haɗa fakto, wato lambar da ke raba ta ba ragowa, kana da zaɓin ka ɗauki 2 sau ɗaya ko sau biyu har sau sha biyu, ko kuma ka ƙi ɗauka kwata-kwata, zaɓi 13 kenan. Kuma ka riga ka ga rabinsu, jerin kibiyoyin nan na sama daga 33,550,336 zuwa 8,191 guda 13 ne, sauran 13 ɗin su ne 1, 2, 4, 8 har 4,096. Maƙwabciya kuwa 4 × 2 × 2 × 2 × 2 = 64, ta ninka tamu fiye da sau biyu.

Ɗan gwaji da zai kama maka kuskure: in yawan faktocin ya fito mara, to lambar sikwaya ce, wato wata lamba ce aka ninka da kanta. 26 cika ne, saboda haka tamu ba sikwaya bace, ta faɗa tsakanin 5,792 × 5,792 = 33,547,264 da 5,793 × 5,793 = 33,558,849.

Giɓi, rara ko daidai

Nan ne wurin da wannan lambar ta yi suna, shi ya sa ma na zaɓe ta. Tun wajen shekara ta 100 miladiyya wani masanin lissafi mai rubutu da Girkanci, Nikomakus, ya kasa lambobi gida uku ta hanyar tara duk masu raba lamba banda ita kanta. In jimlar bata kai lambar ba, mai giɓi ce, kamar 10 da take da 1+2+5 = 8. In ta wuce, mai rara ce, kamar 12 da take da 1+2+3+4+6 = 16. In kuwa ta faɗa daidai cif, kamila ce, kamar 6 = 1+2+3 da 28 = 1+2+4+7+14.

Don babbar lamba ba sai ka tara ɗaya bayan ɗaya ba. Kowace firam ka tara pawowinta tun daga 1, sannan ka ninka sakamakon. Na 2: 1+2+4+8 har 4,096, kuma irin wannan jerin mai ninkuwa kullum jimlarsa ita ce ninkin na ƙarshe ba ɗaya, wato 8,191. Na 8,191: 1 + 8,191 = 8,192. Ninka su, 8,191 × 8,192 = 67,100,672. Wannan jimlar har da ita lambar a ciki, a nan mutane da yawa ke zamewa su manta su cire ta. Cire: 67,100,672 − 33,550,336 = 33,550,336.

Ta dawo kanta. Kamila ce, kuma ita ce ta biyar a jerin bayan 6, 28, 496 da 8,128. Ka duba tsallen fa, daga dubu takwas sai miliyan talatin da uku, babu ko ɗaya a tsakani.

In ka lura ba sa'a bace. Jimlar pawowin 2 ta ba da 8,191, wadda ita ce ɗaya firam ɗin, ita kuma firam ɗin da aka ƙara mata ɗaya ta ba da 8,192, wanda shi ne ninkin 4,096, kowane ɓangare ya haifo ɗan uwansa, dole jimla ta zama ninki biyu na lambar. Masanin lissafi na Girka Yuklid ya tabbatar da wannan wajen shekara 300 kafin miladiyya: duk sanda 2^p − 1 ta zama firam, to in ka ninka ta da 2^(p−1) kamila zaka samu. Ibnul Haisam wajen shekara ta 1000 ya yi hasashen cewa duk kamilar da take cika wannan siffar gare ta, sai a ƙarni na 18 Leonhard Euler ya kawo hujjar da ta rufe maganar. Amfanin wannan gare ka shi ne in aka ba ka lamba cika aka ce kamila ce ko a'a, ka yi ta raba ta da 2 har ta ƙi, in abin da ya rage firam ce kuma daidai take da ninkin abin da ka cire ba ɗaya, to kamila ce, in ba haka ba kar ka ɓata lokacinka.

Ita wannan ta biyar ɗin ta karya wata tsohuwar magana da aka daɗe ana yi, wai kamila ta farko dijit ɗaya, ta biyu biyu, ta uku uku, ta huɗu huɗu, to ta biyar ma biyar zata zama. Sai ga ta da takwas. An kuma ce ƙarshensu na karɓa-karɓa ne tsakanin 6 da 8, tamu ta ƙare da 6 kamar yadda aka zata, amma ta shida 8,589,869,056 ita ma 6 ce. Misali huɗu suka gani suka yanke hukunci. Masanin lissafi Isma'il ibn Fallus, wanda ya rayu a ƙarni na 13, ya ambaci 33,550,336 a cikin jerinsa tare da biyun da ke bin ta, duk da akwai wasu a jerin da daga baya aka gane ba kamilai bane, a Turai kuwa sai a ƙarni na 15 ta bayyana a wani rubutun hannu da ba a san mai shi ba.

Maƙwabciya fa? 1+3+9+27 = 40, sai 6, sai 8, sai 14, sai 2,732. Ninka su duka ka samu 73,436,160, cire lambar, saura 39,885,825, ya wuce 33,550,335, mai rara ce. Kuma abin sha'awa ne tunda mara ce, su mara masu rara basu da yawa, ta farkonsu ma sai 945. In kana da ido ma baka buƙatar wannan dogon ninkin, 3^3 × 5 × 7 ai 945 ɗin ce, kuma duk lambar da mai rara ta raba to ita ma mai rara ce. Don ka ga na ukun, wato mai giɓi, ɗauki 2^25 = 33,554,432 da ke can gaba kaɗan, masu raba ta in an tara 33,554,431 ne, giɓin ɗaya tak, kuma haka duk pawowin 2 suke.

Siffofi

Akwai lambobin da zaka iya jera su kamar dala, ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, uku a ƙasa, haka haka, su 1, 3, 6, 10, 15, ana ce musu masu kusurwa uku. Gwajinsu: ninka lambar da 8, ƙara 1, ka duba ko sikwaya ce. 33,550,336 × 8 + 1 = 268,402,689, sikwaya rut ɗinta 16,383 cif ba ɗigo. Cire ɗaya ka raba biyu, 8,191. Ma'ana in ka tara 1+2+3 har zuwa 8,191, lambarmu zaka samu. A kula, ƙaramar kalkuleta mai ɗaukar dijit takwas zata riƙe lambar amma zata ƙi wannan ninkin don ya kai tara, sai ka koma ta waya.

Masu kusurwa shida siffarsu n × (2n − 1) ce, kuma 4,096 × 8,191 ai shi ne wannan ɗin, ba sai an yi wani lissafi ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na kub, wato lamba a ninka ta da kanta sau uku. 28 = 1 + 27. 496 = 1 + 27 + 125 + 343. Kub ɗin lambobin mara ne a jere. Tamu ita ce jimlar guda 64 na farko, daga 1^3 har 127^3, kuma zaka iya tabbatarwa ba tare da ka tara ba don jimlar guda n na farko ita ce n^2 × (2n^2 − 1), sa 64 ka samu 4,096 × 8,191.

Sai tambayar ko za a iya rubuta ta a matsayin jimlar sikwaya biyu, kamar 65 = 16 + 49. Duba firam ɗin da in an raba su da 4 suke barin ragowa 3, in akwai wadda pawarta mara ce to bazai yiwu ba. 8,191 = 4 × 2,047 + 3 kuma sau ɗaya ta shiga. Bazai yiwu ba, komai daɗewar da zaka yi kana nema.

Bainari da kayan ado

In kana son ganin ta da 0 da 1 irin na kwamfuta, ka riga ka yi rabin aikin. Kowace rabawa da 2 da bata bar ragowa ba sifili ce, guda 12 kenan a dama. Daga 8,191 kuma kowace rabawa ragowa 1 take bari, 4,095, 2,047, 1,023 har ƙasa, guda 13. Sai ta fito 1111111111111000000000000. Haka 6 take 110, 28 take 11100, 496 take 111110000.

Wancan 1 ɗin da nace ka riƙe, duk kamila cika banda 6 in ka yi ta tara dijit ɗinta a 1 take ƙarewa, gwada 496 da 8,128 ka gani. Yana da amfani wajen saurin kore lamba, amma fa baya tabbatar da komai, 10 ma 1 take bayarwa.

Akwai kuma tarin wasu rabe-rabe da zaka ci karo da su, ko lamba tana karantuwa gaba da baya iri ɗaya, ko jimlar dijit ɗinta na raba ta. Tamu ta faɗi duka biyun, ta biyun ma ba sai ka gwada ba tunda 28 na buƙatar 7 kuma mun san babu 7. Ni dai a ganina waɗannan ado ne, sun dogara ne da cewa da goma-goma muke rubutu, ka canza tsarin rubutun su watse. Ko jimlar dijit ɗinta da ta zama 28, wadda ita ma kamila ce, dace ne kawai. Amma 2^12 × 8,191 ko da wane tsari ka rubuta yana nan.

In kana son gwada hannunka

Ɗauki 8,589,869,056. Raba da 2 sau 16 zai kai ka 131,071, wato 2^17 − 1. Sikwaya rut ɗinta ya ɗan wuce 362, matakinka kuma 34 ne, in ka jera 35, 69, 103 har 341 ka zubar da waɗanda ba firam ba, saura 103, 137, 239 da 307, rabawa huɗu kenan. Pietro Cataldi ya tabbatar da ita da ta bakwai 137,438,691,328, wadda ta fito daga 2^19 − 1, a 1588, tun kafin a san yanken Fermat. Ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128, sai da ta jira Euler ya tabbatar da 2^31 − 1 firam ce a 1772, kuma kar ka zuba ta a Excel don dijit 15 kawai yake riƙewa daidai, sauran sifili zai mayar maka da su ba tare da ya ce komai ba, yaren kwamfuta na Python ya fi dacewa da irin wannan.

Zuwa Oktoba 2024 kamilai 52 aka sani, ta ƙarshen ta fito ne daga firam 2^136,279,841 − 1 mai dijit 41,024,320, kuma dukkansu cika ne. Ko akwai kamila mara, har yau ba a samu ba kuma ba a kawo hujjar babu ba, an dai nuna in ma akwai to ta wuce 10^1500.

Bayan 17 da 19 hannunka zai kai kan 23. Kafin ka ninka 2^23 − 1 = 8,388,607 da 2^22 ka ce ka samo sabuwa, matakinka 46 ne, fara gwada 47.